Satar Sihiri a Wasannin Almara: Yadda Ake Sa wa Ɓarawo Linzami

Satar sihiri wata baiwa ce da ake ba jarumin ɗan wasa a wasannin almara. Mai ita ba ya shiga fagen fama da wani babban makami na ƙashin kansa. Jira yake yi abokin gaba ya fito da nasa, ya fizge, ya juya masa shi. Matsafi ya harbo wuta, wutar ta dawo ta ci shi, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. 'Yan wasa suna matuƙar son wannan baiwa, amma babu wadda ta kai ta wahalar da masu tsara dokokin wasa. Kowace baiwa ana iya auna ta a kan takarda tun kafin a fara: takobi yana sara kaza, garkuwa tana tare kaza. Sata kuwa ba ta da nauyin kanta. Nauyinta shi ne nauyin abin da aka sato, kuma wannan abin yana hannun wani. Ranar da abokin gaba ya zo da kaya masu tsada, ɓarawo ya fi kowa ƙarfi a fagen. Ranar da ya zo hannu rabbana, ɓarawo ya zama ɗan kallo.

Uban wannan nau'in wasa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum huɗu ko biyar ne ke zama da takarda da fensir. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora, yana ba da labari, yana kuma riƙe da dukan dodanni da miyagun da ke cikinsa. Sauran kowa yana da jarumi guda, shi ke faɗin abin da jaruminsa zai yi, sannan a jefa dayis, galibi mai fuska 20, a ga ko abin ya yiwu. Kowane jarumi yana cikin wani rukuni: mayaƙi, matsafi, mai warkarwa, ko ɓarawo, wanda aka ƙara a 1975. A bugun zamani jarumi yana hawa daga mataki na 1 zuwa na 20, su kuma sihirce-sihircen an jera su daraja-daraja har zuwa ta 9. Sihirin da ake faɗa a nan lissafi ne a kan takarda, matsayinsa ɗaya da aljannun cikin tatsuniya. Duk da haka ko a can Amurka wasu ƙungiyoyin Kirista sun tayar da ƙura a kansa a shekarun 1980, har kamfanin da ke buga shi ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989.

Abin da masu tsara wasa ke nufi da daidaito ba wai kowa ya zama daidai da kowa a komai ba ne. Manufar ita ce duk wanda ya zauna a teburin ya samu lokacin da wasan ya rataya a wuyansa, kuma kada mutum ɗaya ya cinye lokacin sauran.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa zama a bakin dara a Giyawa, ko Wurno, ko Rabah, ko Goronyo. Dara ma wasa ne na ɗauke wa abokin karawa abin hannunsa. Gurabu 30 ne, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na ɗan'uwansa. Amma an kewaye cin da sharuɗɗa: ba a jera uku tun ana zuba 'ya'ya, jerin huɗu ba ya ci, kuma a wasu wurare ba a taɓa ɗan da ke tsaye cikin jerin uku. Ba don waɗannan sharuɗɗa ba, wanda ya fara ci zai yi ta ci har a tashi, kuma babu wanda zai sake zama. Dokokin sukan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, shi ya sa baƙo kan tambayi yadda ake yi kafin ya tsuguna. Masu gyaran dokar satar sihiri irin wannan aikin suke yi, sai dai nasu 'ya'yan ba nauyinsu ɗaya ba.

Ɓarawon 2005

A watan Janairun 2005 kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da littafin ƙarin dokoki mai suna Complete Adventurer, a cikinsa kuma aka kawo rukuni sukutum da aka gina a kan satar sihiri, wato Spellthief. Wannan rukuni ya cancanci a tsaya a kansa, domin kusan duk matsalolin da ake fama da su har yau a cikinsa suka fara bayyana a fili.

Ga yadda yake aiki. Ɓarawon sihiri yana da harin ba-zata irin na ɓarawo na gama-gari, wato ƙarin rauni da yake yi wa wanda ya shammata ko wanda aka sa a tsakiya. Idan harin ya samu, yana iya yafe dayis ɗaya na raunin, a madadinsa ya zare sihiri ɗaya daga kan wanda ya sara. Mai sihirin ya rasa shi, ɓarawo kuma ya riƙe shi na awa ɗaya, ya harba shi da ƙarfin mai shi na asali, in bai harba ba ya zube. A mataki na 1 ƙananan sihirce-sihirce kawai yake iya ɗauka. A na 4 ya kai daraja ta 2, a na 6 daraja ta 3, haka yake hawa har ya kai daraja ta 9 a mataki na 18. Jimillar darajar abin da ke hannunsa a lokaci guda ba za ta wuce lambar matakinsa ba. Daga baya yakan iya zare kariyar da matsafi ya lulluɓe kansa da ita, ya kuma haɗiye sihirin da aka jefo masa.

A rubuce abin gwanin ban sha'awa. A teburi kuwa 'yan wasa da yawa sun same shi rarrauna, kuma dalilan a bayyane suke. An biya farashin satar tun kafin a yi ta. Ɓarawo na gama-gari harinsa na ba-zata yakan kai dayis 10 masu fuska shida a ƙarshen hawansa, matsakaicin rauni 35 ke nan. Ɓarawon sihiri a dayis 5 yake tsayawa, wato 17 da rabi. Rabin ƙarfinsa ya tafi ko da ranar ba a gamu da matsafi ko ɗaya ba. Kuma galibin abin da ake karo da shi a irin wannan labari 'yan fashi ne da namun daji da ƙattai masu kulki, waɗanda babu abin sata a jikinsu.

Ko an gamu da matsafin, da sauran rina a kaba. Sai an kusance shi, domin harin ba-zata daga nesa ba ya wuce ƙafa 30, kuma matsafi mai wayo yana tashi sama, ko ya ɓace, ko ya laɓe a bayan dakarunsa. Sai an shammace shi. Sai saran ya samu. Abin da ya fi ciwo shi ne, a dokokin wancan bugu harin ba-zata ba ya kama matattun da aka tayar, ga shi kuwa shahararren mugun matsafi a wasan, wanda ake kira lich, gawa ce mai tafiya. Wanda ya fi kowa kayan sata a littafin ya zama shi ne wanda ba a iya yi wa sata.

A gefe guda kuma dokar ta bar wata ƙofa a buɗe: idan mai sihiri ya yarda, ana iya ɗaukar sihirinsa da taɓawa kawai, ba sai an yi faɗa ba. Nan da nan 'yan wasa suka gane cewa hanya mafi sauƙi ita ce ɓarawo ya riƙa karɓa daga matsafin ƙungiyarsu, a samu hannu biyu suna harba kayan mutum ɗaya. Dabara ce mai amfani, amma ta mayar da ɓarawo ɗan aike. Wanda ya zaɓi rukunin don ya ga idon mugun matsafi ya raina fata ya ƙare yana aro a gida.

Kamfanin ya yi yunƙurin gyara a 2007 cikin littafin Complete Scoundrel, da wata ƙarin baiwa mai suna Master Spellthief, wadda ta ba mutum damar haɗa matakan ɓarawon sihiri da na wani rukunin matsafa wajen lissafin darajar abin da zai iya sata. Sakamakon ya koyar da darasi. Maimakon rukunin ya ƙarfafa, sai mutane suka riƙa ɗaukar mataki ɗaya ko biyu a cikinsa, su kwashi satar, su koma zama cikakkun matsafa. Gyaran ya ceci baiwar, ya bar rukunin a inda yake.

Ɓarawon 2014 da gyaran 2024

Da aka fitar da bugu na biyar a 2014, sai aka bi ta wata hanya. An daina rukuni na musamman, aka mayar da satar sihiri kambin ƙarshe na wani reshen ɓarayi mai suna Arcane Trickster, a mataki na 17. Yanzu ba sai an sari kowa ba. Idan matsafi ya jefo sihiri ya shafi ɓarawo, ɓarawo yana iya tilasta masa jifan tsira, wato ya jefa dayis don kare kansa. In matsafin ya faɗi, sihirin ba zai taɓa ɓarawo ba, kuma ɓarawo ya san sihirin na awa 8, shi kuwa mai shi ba zai iya sake yin sa ba sai wa'adin ya cika. Sau ɗaya ake yi, sai an kwana an huta.

An toshe ƙofar aro a gida, an kuma cire wahalar kusantar matsafi. Amma tsoron kada baiwar ta yi yawa ya sa an ɗaure ta tamau. Galibin wasanni ba sa kaiwa mataki na 17, don haka mafi yawan masu wannan reshe ba su taɓa ganin ta ba. Wanda ya kai, zai tarar cewa sihirin da shi kansa yake iya harbawa a lokacin bai wuce daraja ta 3 ba, kuma ba ya iya sace abin da ya fi ƙarfinsa, alhali matsafan da ake karo da su a wannan mataki da daraja ta 7 zuwa ta 9 suke faɗa. Jifan tsirar ma da sifar da matsafin ya fi ƙarfi a kanta yake yin sa. Kuma ko an ci ko ba a ci ba, damar ranar ta tafi. Ga kuma matsafin ƙungiya wanda tun mataki na 5 yake iya samun Counterspell, sihirin da ke iya kashe na abokin gaba gaba ɗaya, ya kare kowa da kowa.

Lissafi kaɗan yana nuna yadda sharuɗɗa ke cinye juna. A ɗauka cewa a cikin faɗa uku, ɗaya ne ke da matsafi. A ɗauka cewa rabin lokaci ne sihirinsa ke shafar ɓarawo, kuma rabin lokaci ne yake faɗuwa a jifan tsira. Kowane sharaɗi shi kaɗai bai yi tsauri ba, amma in an ninka su, sata ɗaya ce a faɗa 12, tun ba a zo kan batun daraja ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a gyaran irin wannan baiwa, kuma ya fi wuce gona da iri muni, domin baiwar da ta yi yawa kowa zai gani ya yi ƙorafi, wadda ba ta faruwa kuwa mai ita kaɗai ke cizon yatsa.

Sabon bugun 2024 ya taɓa wurare biyu. Jifan tsirar ya koma kan sifar kaifin basira, wadda ba kowane mai sihiri ke da ƙarfi a kanta ba, kuma damar ranar ba ta ƙarewa sai an yi nasarar satar. Gyare-gyare ne ƙanana masu ma'ana, sai dai ba su sauko da baiwar daga mataki na 17 ba.

Abin da wasannin kwamfuta suka gano

Masu wasannin kwamfuta suna da gata guda: suna ganin dubban wasanni a kullum, suna kuma iya sauya doka cikin dare. Saboda haka hanyoyin da suka bi sun cancanci dubawa.

A World of Warcraft na kamfanin Blizzard, an ba matsafa Spellsteal a 2007. Abin da take ɗauka shi ne kariya ko ƙarin ƙarfin da ke jikin abokin gaba, kuma komai tsawon wa'adinsa na asali, a hannun ɓarawo ba ya wuce minti 2. Tana kuma cin kaso mai yawa na guzurin sihirin mai yin ta, don kada ya yi ta tatsa ba ƙaƙƙautawa. Amma babbar hikimar tana wani wurin. Masu tsara wasan sun riƙa ajiye abin sata da gangan. A kogon Gruul, inda mutum 25 ke shiga tare, akwai wani ƙaton matsafi mai suna Krosh Firehand wanda wutarsa ke kashe mayaƙa masu sulke. Hanyar da aka saba bi ita ce matsafin ƙungiya ya sace garkuwar da Krosh ke sa wa kansa, ya tsaya a gabansa ya shanye wutar. Wanda ya fi kowa laushin jiki ya zama bangon jama'a. Ba a ƙara wa baiwar lamba ko ɗaya ba, an dai shirya mata rana.

Dota 2 na kamfanin Valve, wasan mutum biyar da biyar, ya kawo jarumi mai suna Rubick a 2012. Shi sihirin ƙarshe da abokin gaba ya yi yake ɗauka, kuma mai shi ba ya rasa nasa. Kalmar "na ƙarshe" ita ce linzamin. Wanda ya harba babban makaminsa yana iya bin sa da wani ƙaramin sihiri nan take, Rubick ya miƙa hannu ya damƙo ƙaiƙayi. Satar ta zama tseren ƙiftawar ido tsakanin mutum biyu, kowa da abin yi. A gasar duniya ta 2012, ɗan wasan ƙungiyar Na'Vi ta Yukiren da ake kira Dendi ya yi amfani da Rubick ya sace babban makamin jarumin da ake kira Tidehunter daga ƙungiyar iG ta Sin, ya mayar musu da shi a tsakiyar tarkon da suka ɗana, kuma masu bin wasan har yau suna ambaton wannan karo. Babu wanda ya ce an yi rashin adalci, domin kowa ya ga ƙwarewa ce.

League of Legends na Riot Games ya fitar da jarumi mai suna Sylas a Janairun 2019. Shi kai tsaye babban makamin abokin gaba yake kwafa, ba ruwansa da abin da aka yi na ƙarshe. An ɗaure shi ta wata fuska: in ya ɗauka daga mutum, sai ya daɗe kafin ya sake ɗauka daga wannan mutumin, kuma ana juya lissafin makamin ya dace da irin ƙarfin Sylas. Da ya yi yawa a hannun ƙwararru, gyaran da aka yi masa a farkon 2020 sauran jikinsa ya taɓa, har da cire masa wata garkuwa, aka bar satar. Masu wasa a waya sun san irin wannan a Valentina ta Mobile Legends.

Akwai kuma misalai biyu na gargaɗi daga jerin Final Fantasy na Japan. A na takwas, na 1999, ana zuƙe sihiri daga abokin gaba a tara har 100, kuma yawan abin da aka tara yana ƙara wa jarumi ƙarfi. Sai mutane suka riƙa ɓata lokaci suna zuƙa, suna kuma ƙin harbawa don kada taskar ta ragu. A na goma sha huɗu kuwa, da aka kawo matsafi mai koyon dabarun dodanni a 2019, kamfanin wasan bai ma yi ƙoƙarin daidaita shi da sauran ba, ya keɓe shi, ya hana shi shiga sahun da ake haɗa baƙi su yi wasa tare.

Gyara a kan tabarma

Wasan teburi ba ya buƙatar lantarki ko intanet. Takarda, fensir da dayis ɗin ludo sun isa, don haka babu abin da zai hana samari a zauren Giyawa su tsara nasu, da jarumai da dodannin tatsuniyoyin gida. Jagoran da ya sa ɓarawon sihiri a wasansa zai gamu da tambayoyin da manyan kamfanoni suka gamu da su.

Ta farko ita ce ko satar ƙwace ce ko kwafi. Ƙwace riba biyu ce a motsi ɗaya, an ƙara wa kai, an rage wa wani, don haka dole farashinta ya fi. Idan wanda aka ƙwace wa dodon jagora ne, babu wanda ransa zai ɓaci. Idan kuwa ɗan wasa ne, hana shi makaminsa na awa 8 na cikin labari daidai yake da a ce masa ya koma gefe ya yi kallo. Zagayen faɗa ɗaya ko biyu ya isa a ji zafin satar ba tare da an kori mutum daga wasa ba.

Daga abin da ya gabata, ya fi kyau a ba da baiwar da wuri, a taƙaita darajar abin da take ɗauka, ta riƙa girma tare da jarumin. Gara ƙaramar sata a kowane zama da babbar sata da ake jira shekara. Jifa ɗaya ya raba gardama, kada a ce sai sara ya samu sannan kuma a yi jifan tsira. Wa'adin riƙo ya zama gajere, abin da ke hannu kuma ɗaya ko biyu, don a tilasta harbawa a hana tarawa. In ana tsoron sihirin da ya fi ƙarfin ɓarawo, maimakon a haramta masa, ana iya barin sa ya ɗauka da sharaɗin ya harba a zagaye na gaba, ya kuma ji rauni gwargwadon tazarar darajar. Ta haka mugun matsafi mai manyan kaya ya zama abin kwaɗayi da abin tsoro a lokaci guda. Aro daga abokin tafiya kuwa ba sai an hana ba, muddin abin da aka karɓa ya fita daga hannun mai shi na ranar gaba ɗaya.

Sai ranar da babu matsafi, wadda ita ta kashe rukunin 2005. Ana magance ta ta fuska biyu. A faɗaɗa abin da ake iya sata ya haɗa da baiwar halittu, kamar saurin kura ko taurin fatar dodo, na ɗan lokaci. Jagora kuma ya riƙa sa abin sata a labarinsa da niyya, kamar yadda aka yi da garkuwar Krosh.

Lambar da ake nema a jifa tana buƙatar kulawa ta musamman ga masu amfani da dayis ɗin ludo. A dayis mai fuska 20, ƙara lamba ɗaya kashi 5 cikin 100 kawai yake sauyawa. A dayis biyu na ludo abin ba haka yake ba. Hanyoyin faɗuwarsu 36 ne: neman 7 ko fiye yana samuwa ta hanya 21, kusan kashi 58 cikin 100, neman 8 ta hanya 15, kusan kashi 42, neman 9 kuwa ta hanya 10, kusan kashi 28. Jagoran da ya ɗaga lambar daga 7 zuwa 9 yana zaton ɗan gyara ya yi, ya zabge fiye da rabin satar.

Saboda haka ba a taɓa abu biyu a lokaci ɗaya. A sauya lamba, ko wa'adi, ko farashi, a yi zama uku ko huɗu, jagora yana rubuta sau nawa damar sata ta zo, sau nawa aka gwada, sau nawa aka ci, da kuma abin da ya biyo baya a faɗan. Idan damar tana zuwa amma ɗan wasan ba ya gwadawa, farashin ne ya yi tsada. Idan yana gwadawa a kowane zagaye ba tare da tunani ba, ya yi araha. Idan damar ce ba ta zuwa, dokar lafiyarta ƙalau, labarin jagora ne ke buƙatar ƙarin matsafa.